Kwarkwata a Kan Jikar Mai Kitso

Ni mai kitso ce. Ban yi boko ba, ban iya ɗinki ba, ban san komai ba sai kan mutane. Tun ina budurwa nake zama a ƙofar ɗaki kan 'yar kujera, mata na zuwa suna ɗora min kai a cinya. Kowa a layinmu ya san ina da faɗa, ya san ina ja har sai ido ya kawo ruwa. Amma kowa ya san matajina da kibiyata sai sun sha ruwan zafi tsakanin kai da kai. Mai kitso ba ta da wani jari sai tsabtar hannunta. Ran da aka ce akwai ƙazanta a gidanta, ta naɗe tabarma.

Jela jikata ce, 'yar ɗana. Uwarta ta rasu tana goye, ubanta kuwa direban babbar mota ne, ya fi sanin hanya da ɗakinsa. A cinyata ta girma. Tun tana rarrafe take bina duk inda na nufa, har bayi, shi ya sa ake ce mata Jela. Tana makarantar kwana ta 'yan mata, ajin ƙarshe, jarrabawar fita ta kusa.

Ina tsakiyar yi wa matar tela kitso sai ga Jela ta shigo da jaka, kai a tsefe cikin ɗankwali, tana warin magani.

"Ke kuma lafiya? Hutu aka yi?"

"A'a, Kaka."

"Koro ki aka yi?"

"Nas ce ta ce in zo gida in yi magani."

"Maganin me?"

Ta kalli matar tela, ta kalli ƙasa. "Kwarkwata."

Na ji kan matar tela ya yi tauri a cinyata. Ta janye shi a hankali, ta ce ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. Haka ta fita da rabin kai a kitse, rabi a tsaye. Wanda ya san matar tela ya san kafin rana ta faɗi labarin ya gama layinmu ya tsallaka titi.

Na ce wa Jela ta zauna. Na shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, na juya ta wajen haske, na bi kan nan tsaga-tsaga. Goshi, tsakiya, bayan kunne, ƙeya. Na sake bi. Ko ƙwai ɗaya ban gani ba, ko tabon susa. Kan yarinyar nan ya fi kwanon da nake cin abinci tsabta.

A ƙeya dai na ga wani ɗan tsagin gashi da ya lanƙwashe daban, alamar ƙaramin kitso ya daɗe a wurin. Na san shi. Duk hutun da ta zo, idan ina tsefe mata kai, sai na tarar da shi can ƙasa inda ɗankwali ke rufewa, siriri kamar igiyar takalmi, da jan zare a bakinsa. Kuma hannun mutum ɗaya ne ke mata kitso kullum a makaranta. Na taɓa ce mata, "Mai yi miki kitson nan bahaguwa ce." Ta yi dariya ta ce ya aka yi na sani. Na ce kitson bahago kwanciya yake ta ɗaya gefen, kuma wannan ba ta ja, lallaɓa kai take kamar ƙwai ta riƙe. Ta ce wata ce a ɗakinsu. Ban ƙara tambaya ba. Yara da wasanninsu.

"Babu komai a kanki," na ce. "Ƙarya matar nan ta yi miki. Ni ta yi wa."

"Kaka, ki bari. Kwana kaɗan ne in koma."

"In bari? Kin ga yadda matar tela ta fita?"

"Don Allah kada ki je."

"Ai ba ni kaɗai za ni ba. Da ke da kan naki za mu, shi ne shaidata."

Ta yi kuka, ta riƙe min zani, ta ƙi cin abinci. Na ɗauka kunyar kwarkwata ce. Washegari babu wadda ta zo kitso. Rana ta biyu ma haka, sai wata da ta leƙo ta ce wai ta zo gaishe ni, tana tsaye nesa kamar ina da ƙyanda. Da gari ya waye na ƙulle matajina da farin ƙyallena a bakin zani, na tasa Jela gaba muka hau mota.

Tun daga ƙofar makaranta na fara. Mai gadi ya ce wa nake nema, na ce wadda ta yi wa jikata ƙarya. Na faɗa masa, na faɗa wa mai shara, na faɗa wa wasu malamai biyu da ke shan inuwa: babu kwarkwata a kan yarinyar nan, kuma sai an faɗi haka a gaban shugabar makaranta da bakin da ya faɗi ƙaryar. Wata doguwar malama mai riƙe da bulala ta tsaya ta saurare ni da kyau. Jela ta raɗa min cewa ita ce malamar horo, Mai-Bulala suke ce mata. Malamar ta ce min, "Mama, kin tabbata babu?" Na ce in ta ga ɗaya ta sa min a baki. Ta yi wani murmushi, ta ce in jira a benci, za ta shigar da ni wurin shugaba da kanta. Na ce a raina, ga mutuniyar kirki.

Muna zaune a bencin sai wata yarinya ta zo wucewa da bokitin ruwa a hannun hagu. Baƙa ce, siririya, kanta a tsefe ita ma. Da ta ga Jela sai ta tsaya cak, ruwan ya zubo mata a ƙafa. Jela ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Kafin in yi magana sai ga wata gajeriyar mata kakkaura cikin fararen kaya, tana haki don sauri.

"Mama, ni ce nas. Ni kike nema."

"Ke ce maƙaryaciyar?"

"Ni ce. Zo ki zage ni a ɗakina, can akwai kujera mai kyau."

Na bi ta don in ji daɗin zaginta a zaune. Ɗakin nata ƙarami ne, gado biyu, kabad na magani, ma'aunin nauyi a bayan ƙofa. Ta rufe ƙofar, ta jingina da ita. Na kalli kanta ta gefen farar hularta, na ga kitson da ko makaho ba zai yi ba, tsaga ta karkace kamar hanyar tururuwa.

"Gaskiyarki, Mama," ta ce. "Babu kwarkwata. Ban ga ko ɗaya ba."

"To mu je ki faɗa."

"Zan faɗa in kin ce. Amma ki ji abin da zai biyo baya." Ta sassauta murya. "Wata ɗaliba ta kai wa malamar horo rahoto cewa akwai yara biyu a ɗakinsu masu son juna. Maɗigo ta kira shi. Ba ta ga fuska ba, a layin wanka ta hango su ta baya, ta ce dukansu suna da ɗan ƙaramin kitso a ƙeya da jan zare. Malamar ta ce da safe za a jera ɗakin gaba ɗaya a duba ƙeyar kowa. Duk wadda aka samu, za a tsayar da ita a gaban taron ɗalibai a kira ta da sunan, a kira iyayenta, a kore ta. Ba jarrabawa. Ina ɗakin malamai ina shan shayi na ji."

Jela tana tsaye jikin kabad kamar an kafe ta.

"Da yamma na ɗauki magani na shiga ɗakin na ce kwarkwata ta ɓarke. Na sa kowa ya tsefe kai a gabana, na wanke musu. Da safe malamar ta zo ta tarar da kawuna a tsefe. Na tura yara uku gida don abin ya yi kama da gaske. Na sa da taki, domin yadda take rawar jiki, ko ba kitso fuskarta za ta tona ta. Malamar horo ba ta yarda da ni ba, hujja kawai ta rasa. Yau kin kawo mata hujja tun daga ƙofa."

Na juya wajen Jela. Jan zaren nan da na sha tsinkewa da haƙorina duk hutu ya tsaya min a ido.

"Ke. Mai bokitin nan ce bahaguwar?"

"Eh, Kaka."

"Ƙawarki ce. Kowa na son ƙawarsa."

"Ba irin wannan ba ne." Da ƙyar nake jinta. "Kullum ana cewa wata rana zan ga namiji in ji wani abu. Na jira, Kaka, bai zo ba. Ita na gani na ji, tun ina aji huɗu. Na yi addu'a, na yi azumi, na daina yi mata magana zango guda, ban warke ba sai rama da na yi. Ba abin da muka yi. Ranar kitso ce kaɗai zan zauna kusa da ita ba mai kallonmu. Zaren kuma don in taɓa ƙeyata a aji in san ba ni kaɗai ba ce."

Ba zan yi ƙarya in ce na ji daɗi ba. Na tuna ubanta da zuciyarsa, na tuna layinmu da bakinsa. Hannuna ya ɗaga da kansa, ban san me zai yi ba. Yarinyar ba ta kauce ba, ido kawai ta rufe. Ashe tun tana aji huɗu take ɗauke da wannan ita kaɗai, tana zuwa hutu tana ɗora min kai a cinya, ni ina ta surutun tsadar man kitso. Hannun ya sauko ya gyara mata ɗankwali.

Na ce wa nas, "Ke kuma me ya dame ki? 'Yarki ce?"

"Na taɓa ganin an tsayar da yarinya a gaban taro a wata makarantar da na yi aiki. Har yau ban san inda take ba. Ni aikina in ga sun fita daga nan da ƙafafunsu."

"In aka gane ƙarya kika yi fa?"

"Sai in bi Jela mu hau mota ɗaya."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shugaba na kira.

Ofishin shugaba yana da fanka da labule da kofunan gasa a kan kanta. Ita dattijuwa ce mai tabarau, da ganin ta ta gaji da duniya. Mai-Bulala na tsaye a gefenta, fuska a sake kamar ranar aurenta.

"Mama," in ji Mai-Bulala, "faɗa wa shugaba abin da kika faɗa min. Kin duba kan yarinyar, ke da sana'arki ce, ba ki ga komai ba. To mu abin da muke son sani, in babu kwarkwata, me ya sa aka tsefe kan ɗaki guda ana gobe za a duba su?"

Na tsaya. Matajina na bakin zani, farin ƙyallena na nan. In na kwance su, sunana ya wanku, gobe matar tela ta dawo da rabin kanta. Ina jin numfashin Jela a bayana.

"Wa ya ce ban gani ba?" na ce.

"Ke kika ce. A gaban mai gadi."

"Kunya ce ta sa ni. Ke in mai kitso ce za ki tsaya a ƙofa ki yi shela jikarki na da kwarkwata? Na gani. Da hannuna na cire su, manya-manya, baƙaƙe, har da ƙwai jere kamar an shuka. Sai da farcena ya yi ja don kisa."

Murmushin ya bar fuskarta. "Amma ɗazu kika ce in na ga ɗaya..."

"Ai na gama da su kafin in zo, ko so kike in kawo miki a kwalba?" Sai na juya kan shugaba. Fushin da na yi kwanaki ina dafawa yana nan da zafinsa, dole ya sauka a kan wani. "Ni ƙarar da na kawo ke nan. Na ba ku yarinya da kai fes, kun dawo min da ita da dabbobi. Yaushe rabon da a shanya katifun ɗakin nan? Ta taga na hango su, ko akuya ba za ta kwanta a kai ba. Kuna da mai yawo da bulala tana leƙen ƙeyar 'ya'yan mutane, ba ku da mai fitar da katifa rana. Matar nan kaɗai ta yi aikinta a gidan nan, ita ma da ta yi da wuri da ba a kai ga haka ba. An kashe min sana'a, an sa mata na gudu na. Wa zai biya ni sunana?"

Na yi ta yi. Na haɗa da bayin da na wuce yana wari, na haɗa da mai gadi da bai ba ni wurin zama ba. Ina cikin yi na ga shugaba ta tura ɗan yatsa ƙarƙashin ɗaurinta tana susa. Mai-Bulala ma ta kai hannu bayan kunne, ta ankara ta sauke.

Shugaba ta ba ni haƙuri har sau ba adadi. Ta ce a fitar da katifun makarantar gaba ɗaya rana, ta ce nas ta duba sauran ɗakuna. Mai-Bulala ta ce maganar rahoton fa. Shugaba ta ce, "Malama, jarrabawa ta matso, ga kwarkwata, ga iyaye. Rahoton da ba suna ba shaida, a bar shi." Ta ce Jela ta koma aji tun da an yi magani.

Ban tafi nan da nan ba. Na ce ba zan bar jikata da kai a tsefe ba. Nas ta ba ni kujera a bayan ɗakinta, Jela ta zauna a ƙasa ta ɗora min kai. Na tsaga, na fara.

"Kaka, za ki faɗa wa Baba?"

"Ubanki ya taɓa tambayata abin da ke kanki?"

"A'a."

"To." Na ja wata tsaga. "Ban gane abin nan ba, kada ki ɗauka na gane. Wataƙila in mutu ban gane ba. Amma kan nan ni na wanke shi ran da aka haife ki, ba mai tsayar da shi a gaban taro ina raye. Ki yi jarrabawarki. Zare kuma an gama, kin ji ko? Ku riƙe abinku a inda ba a tsefewa."

Na ji hawayenta ya jiƙa min zani. Na ce ta daina motsi tana karkata min tsaga.

Da na zo ƙeya na ɗaga ido, sai ga bahaguwar can jikin bango, ta yi kamar shanya take. Na yafito ta. Ta zo kamar mai zuwa wurin yanka.

"Ke ce mai yi mata kitso?"

"Ni ce, Kaka."

"Hannunki na da kyau, amma kina sakin gaba. Tsoron me kike, kada ta ji zafi? Ja za ki yi, ba ta fashewa. Zauna, kanki kamar sheƙar tsuntsu."

Na yi mata ita ma. Gidansu da nisa, ba mai zuwa duba ta.

Sun yi jarrabawarsu su biyun, sun fita da ƙafafunsu. Abin da ke gabansu ban sani ba, kuma ba na kwana da daɗi in na tuna. Ni kuwa ƙaryata ta riga ni isa gida, don ɗaya daga malaman da ke shan inuwa ƙanwar mai kantin layinmu ce. Yanzu da bakina na ce na cire kwarkwata. Na yi makonni ina zaune a ƙofa da mataji a hannu, ina korar ƙuda. Na zagi matar tela a raina, na zagi Mai-Bulala, wani lokacin har nas ɗin nake haɗawa, don da ta ce ciwon ido ne da ba haka ba.

Wata Asabar da hantsi, lokacin da layi ya cika da mutane, sai ga nas tafe cikin fararen kayanta na aiki, da hula da komai. Ta tsaya a tsakiyar layi tana tambaya da ƙarfi ina ne gidan mai kitson nan da ake cewa ta fi kowa tsabta. Ta zo ta cire hular a bainar jama'a, ta zauna a tabarmata, ta ɗora min kai a cinya. Matar tela na leƙe ta katanga.

"Wa ya yi miki wannan ɓarnar a kai?" na ce.

"Ni nake yi da kaina, a madubi."

"Ya nuna. Ki tsaya ga allura."

"Mama, ki yi a hankali, ba na son ja."

"Ƙarya kika iya, haƙuri ne ba ki iya ba?"

Ta yi dariya, kanta na girgiza a cinyata. Ina da maganar da na daɗe ina son faɗa mata, amma bakina bai saba da irinta ba. Na ɗebo mai a tafin hannu na shafa mata, na tsaga a hankali. Tun da nake kitso, kanta ne na farko da ban ja ba.